Tunda waya tana nuna hanya, me ya rage wa taswirar takarda?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Malam, na ga har yanzu ana buga taswirar takarda, har ana koya wa ɗalibai yadda ake karanta ta. Ni kuwa wayata tana kai ni duk inda na nufa, tana faɗa mini inda zan karya kwana da lokacin da zan isa. Wane amfani ya rage wa takardar, in ba son tsohon abu ba?"

Ɗan'uwa, akwai gaskiya a maganarka, kuma da ita zan fara. Aikina awon ƙasa ne da zanen taswira, na'urar GPS kuwa kullum tana hannuna, ba na fatan ranar da za a ce in koma aiki babu ita. Idan kana cikin babban birni kana neman ofishin da ba ka taɓa zuwa ba, ga cunkoson motoci, ga titin da aka rufe daren jiya don gyara, to waya ta fi takarda nesa ba kusa ba. Takarda ba ta san cunkoso ba, ba ta san inda kake tsaye ba, kuma tun ranar da aka buga ta take fara tsufa. Duk wanda ya ce ka ajiye waya a irin wannan hali bai ba ka shawarar kirki ba.

Amma kafin in faɗi abin da ya rage wa takarda, sai na raba maka abubuwa biyu da ke cikin wayar, domin yawancin mutane suna ɗaukar su abu ɗaya.

Na farko shi ne shuɗin ɗigon nan da ke cewa ga ka nan. Daga taurarin ɗan'adam yake fitowa. Tsarin GPS na sojojin Amurka ne, an harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Kowanne yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta aiko da saƙo iri ɗaya: ga inda nake, ga lokacin da na yi maganar. Wayarka tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, sannan ta lissafa inda take. Har zuwa watan Mayu na 2000, da gangan ake rage wa farar hula daidaiton siginar, kuskure ya kan kai mita 100. Yau a fili inda babu abin da ya tare sama, bai cika wuce mita 5 ba. Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin yanzu suna sauraron da dama a lokaci guda. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar sabis ko data.

Na biyu shi ne taswirar da ake ɗora ɗigon a kanta. Mutane ne suka haɗa ta, daga hotunan sama, da bayanan hukumomi, da motocin da ke zagayawa da kyamara, da gyaran da masu amfani ke aikawa. Ita ce ke cin data, kuma a cikinta yawancin kurakurai suke. Ɗigo yana iya zama daidai, hanyar da aka zana a ƙarƙashinsa ta zama an daina bin ta da jimawa, ko kuma 'yar turba ce da ruwa ke cinyewa duk lokacin damina. Manhaja an gina ta ne ta nemo hanya mafi sauri bisa bayanan da aka ba ta. Abin da ba a faɗa mata ba, babu shi a lissafinta.

To a nan amfanin takarda na farko yake, kuma a ganina shi ne babba: faɗi. Fuskar waya ba ta fi tafin hannu ba. Idan ka zuƙo taswirar don ka ga sunan ƙauye da ƙaramar hanya, sai garin da ka baro da wanda ka nufa su fita daga gani. Idan ka nesanta ta don ka ga tafiyar gaba ɗaya, sai manhajar ta share ƙananan hanyoyi da sunayen ƙauyuka da rafuka, don kada fuskar ta cunkushe. Ba za ka taɓa samun duka biyun a lokaci ɗaya ba. Yanzu ɗauki taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. Falle ɗaya mai faɗin santimita 80 kowane gefe yana ɗauke da ƙasa mai kilomita 40 tsawo da 40 faɗi, kuma kowace gada, kowane rafi, kowace turba tana nan a wurinta, ba ta ɓacewa don ka ɗaga kai. Idonka ne ke yin zuƙowar da nesantawar, kuma ya fi yatsa sauri.

Bari in nuna maka inda wannan ke aiki. Kana tafe, ka iso gada ka tarar ruwa ya tafi da ita. Waya za ta ce ka miƙe, domin a wurinta gadar tana nan. Idan ka juya, za ta yi ta roƙonka ka dawo, in kuma ta sake lissafi sai ta ba ka hanya ɗaya, ba tare da ta faɗa maka dalili ba. Mai takarda kuwa yana ganin kogin tun daga inda ya taso. Yana ganin akwai wata gada can sama, wata kuma can ƙasa. Yana ganin ta ƙasan tana cikin fadama, inda layukan tsayin ƙasa suka yi nesa da juna, alamar shimfiɗaɗɗen wuri da ruwa ke kwanciya, don haka ruwan da ya ci wannan gadar mai yiwuwa ya rufe hanyar waccan. Ta saman kuwa hanyarta tana bin doron tudu. Sai ya zaɓi ta sama ko da ta fi nisa, kuma ya san abin da ya sa. Layukan nan masu ruwan ƙasa da ke kewaye tsaunuka a taswira, kowanne yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga matakin teku. Inda suka matsu da juna hawa ne mai tsanani, inda suka lanƙwasa suka yi tsini suna fuskantar tudu kwari ne, kuma ta nan ruwa zai gangaro. Yawancin manhajojin tuƙi ba sa nuna su, sai ka nema da kanka, alhali su ne ke faɗa maka yanayin ƙasar da za ka ratsa.

Abu na biyu shi ne abin da ke zama a kanka bayan tafiya ta ƙare, kuma an yi bincike a kansa sosai. A 1971 John O'Keefe ya gano cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas akwai ƙwayoyin da ke motsawa idan dabba ta iso wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano wasu da ke auna fili kamar an ja masa layuka. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2014. Ma'ana, an halicci kowannenmu da abin zana taswira a cikin kai, sai dai yana buƙatar a sa shi aiki. Direbobin tasi na Landan ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna kusan 25,000 da ke cikin da'irar mil 6 daga tsakiyar birnin, karatun da ke ɗaukar shekara 3 zuwa 4. A 2000 Eleanor Maguire ta Kwalejin Jami'ar Landan ta nuna cewa ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A 2011 ita da abokiyar aikinta suka fitar da sakamakon bibiyar masu koyon tun daga farko, suka ga waɗanda suka ci jarrabawar ne sashen ya ƙaru a kansu, waɗanda suka faɗi kuwa bai canza ba.

A 2017 wasu masu bincike a wannan jami'ar suka duba ɗaya gefen. Sun sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna bin titunan unguwar Soho ta Landan a majigi. Idan mutum ne ke zaɓa wa kansa hanya, sashen yana ƙara aiki duk lokacin da ya shiga titi mai rassa da yawa. Idan kuwa faɗa masa ake yi ya bi dama ko hagu, sai sashen ya yi shiru. Tun a 2008 ma Toru Ishikawa da abokan aikinsa a Japan sun gwada masu tafiya a ƙafa a unguwar da ba su sani ba, suka tarar masu bin GPS a waya sun yi tafiya mafi tsawo kuma sun fi yawan tsayawa a kan masu riƙe da takarda. Kada mu ɗora wa waɗannan binciken abin da ba su faɗa ba. Ba su ce takarda tana ƙara basira ko tana maganin mantuwar tsufa ba. Abin da suka nuna shi ne, wanda ke yanke wa kansa hanya yana koyon wurin, wanda ake ja kuwa yana isa ne kawai. Mai bin murya kamar wanda ya riƙe sandar ɗan jagora ne: zai kai inda ya nufa lafiya lau, amma ranar da yaron bai zo ba, hanyar da ya bi sau ɗari za ta zame masa baƙuwa. Wannan yana damuna ƙwarai, musamman a kan matasan da ke koyon tuƙi yanzu, domin za ka ga mutum ya shekara a gari bai san ina ne gabashinsa ba sai ya duba waya.

Mutane idan suna kare takarda, hujjar da suka fi kawowa ita ce caji. Gaskiya ne, batir yana mutuwa, tsananin sanyi yana zuƙe shi, tsananin zafi yana sa waya ta kashe kanta, gilashi yana fashewa. Amma wannan shi ne ƙaramin haɗari, domin wayar da ta mutu ka san ta mutu. Babban haɗarin shi ne na'urar da ke aiki tana nuna maka ƙarya da cikakken tabbaci. A watan Yuni na 1995 wani jirgin ruwan fasinja mai suna Royal Majesty ya taso daga Bamuda zuwa Boston da mutum sama da 1,500. Jim kaɗan bayan tashinsa, kebul ɗin da ya haɗa eriyar GPS da na'urar ya cire. Na'urar ba ta mutu ba, sai ta koma ƙiyasta wuri daga gudun jirgin da alƙiblarsa, ba ta lissafa iska da igiyar ruwa. Sama da yini guda jirgin yana kaucewa kaɗan-kaɗan, har ya yi mil 17 daga hanyarsa ya kafe a rairayi kusa da tsibirin Nantucket. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Abin lura a nan, akwai taswirar takarda a jirgin, kuma jami'an suna sa alama a kanta, amma lambobin da na'urar ke ba su suke kwafa. Ba su gwada da zurfin ruwa ko da ɗayan tsarin gano wuri da ke jirgin ba. Saboda haka mallakar takarda kaɗai ba ta ceton kowa. Abin da ke ceto shi ne ɗabi'ar gwada abin da na'ura ta faɗa da abin da ido ke gani, kuma takarda ce ke koya wa mutum wannan ɗabi'a, tunda ita ba ta da ɗigo, dole ka ɗaga kai ka nemi tsauni da kogi ka daidaita su da zanen.

Kuma ba lalacewar waya kaɗai ke kawo haka ba. Siginar da ta yi tafiyar kilomita 20,000 tana isowa a raunane, ƙaramar na'ura tana iya toshe ta, wata kuma ta aiko da ta bogi. A 2017 jiragen ruwa sama da 20 a Bahar Aswad suka ga na'urorinsu na cewa suna kan tudu, a wani filin jirgin sama. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Istoniya har wata guda saboda katsalandan a siginar GPS. A watan Mayun 2024 guguwar rana ta rikita siginar har taraktocin manoma a Amurka suka tsaya ana tsakiyar shuka. Tsarin Galileo shi ma ya tsaya kusan mako guda a watan Yulin 2019. Ba banza ba makarantar sojojin ruwan Amurka ta dawo da koyar da gane hanya da taurari a 2015, bayan ta yi shekaru da ajiye shi. Masu tsarin da kansu ba su yarda su dogara da shi shi kaɗai ba.

Akwai kuma amfanin da sai an taru ake ganinsa. Idan ambaliya ko gobarar daji ta auku, ko ana neman wanda ya ɓata, mutum goma za su iya kewaye takarda ɗaya a kan tebur, kowa ya sa yatsa, a raba yankuna da fensir, a rubuta wanda ya tafi ina da ƙarfe nawa. Mutum goma a kan waya goma kuwa kowa yana kallon nasa guntun ne. Haka wajen tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, to wanda ya shimfiɗa takarda a gaban ɗan gari yana samun amsar da ta fi ta mai cewa "ina ne hanya", domin zai iya tambaya ko wannan gadar tana nan, ko wannan turbar mota tana bin ta a wannan watan. Sannan takarda ba ta ajiye labarin inda ka je. A 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fallasa siffar wasu sansanonin soja, saboda sojojin suna gudu da wayoyinsu a kunne.

Ita ma takardar tana da tarkonta, kuma dole in faɗa maka su. Abu na farko da zan ce ka duba a kowace taswira shi ne gefenta, inda aka rubuta shekarar da aka yi awon da shekarar da aka sabunta. Tsaunuka da koguna ba sa saurin canzawa, amma tituna da unguwanni da dazuzzuka suna canzawa, don haka tsohuwar taswira ka yarda da ita a kan siffar ƙasa, ka yi shakkarta a kan aikin ɗan'adam. Na biyu, allurar kamfas ba ta nuna arewar da ke taswira, tana nuna arewar maganaɗisu ce, wadda ke gusawa kowace shekara. Bambancin a wasu ƙasashe bai kai digiri ɗaya ba, a wasu ya haura 20. Kuskuren digiri ɗaya yana kautar da kai kusan mita 17 a kowace kilomita, ka ga na digiri 10 ba abin wasa ba ne. Na uku, idan za ka ɗauki lambobin wuri daga waya ka sa a takarda, ka tabbata tushen awonsu ɗaya ne. GPS yana aiki da tsarin WGS84, tsofaffin taswirori da yawa kuwa da tsarin ƙasarsu aka zana su, kuma tazarar tana iya haura mita 100. Ko a Greenwich da ke Landan, wanda ya tsaya a kan shahararren layin nan na sifili, inda ake fara ƙidayar gabas da yamma, zai ga wayarsa ta ce ainihin sifilin yana kusan mita 102 gabas da shi.

Gaskiya ne kuma cewa takarda tana ja da baya a wasu fagagen. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, ta gama janye taswirorin tekunta na gargajiya a ƙarshen 2024, duk da cewa ana iya buga sabo daga bayananta na kwamfuta. Takwararta ta Birtaniya ta sanar a 2022 cewa za ta daina buga nata a 2026, amma da masu jiragen da ba su shirya ba suka yi magana, sai ta ɗage zuwa aƙalla 2030. Manyan jirage suna iya barin takarda ne saboda suna da na'urori biyu masu zaman kansu, da wutar ko-ta-kwana, da ma'aikatan da aka horar. Mutum ɗaya da waya ɗaya a aljihu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga yadda nake ba da shawarar a haɗa su. Idan tafiyar cikin gari ce, bi wayarka, amma ka saita ta arewa ta riƙa zama a sama maimakon taswirar ta riƙa juyawa da kai, kuma kafin ka tashi ka nesanta ta ka kalli hanyar daga farko zuwa ƙarshe na minti ɗaya. Hanyar da ka bi sau biyu, a na uku ka kashe muryar. Idan kuwa doguwar tafiya ce, ko za ka shiga daji ko tsaunuka ko inda sabis ba shi da tabbas, to daren da za ka tashi ka zauna da takarda. Ka bi hanyar da yatsa, ka rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a jere da nisan da ke tsakaninsu, ka lura da inda za ka tsallaka ruwa, ka zaɓi hanya ta biyu tun ba ka buƙace ta ba. Ka kuma nemi abin da zai gaya maka ka wuce, kamar layin dogo ko kogin da bai kamata ka iso ba in kana daidai. Mai tafiya a ƙafa ya yi lissafin lokaci da ƙa'idar da William Naismith, wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa, sannan ya ƙara wa kansa lokaci in yana ɗauke da kaya ko ƙasar tana da wuyar takawa. A kan hanya ka riƙa juya takardar ta fuskanci inda ka fuskanta, babban yatsanka yana kan inda kake zaton kake, ka riƙa gusa shi duk lokacin da ka wuce wata alama.

Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da data, domin ɗigon zai ci gaba da aiki ko babu sabis. Idan ba ka sami taswirar hukumar safiyo ta yankin ba, ka buga daga taswirar intanet ta OpenStreetMap ko makamancinta a babbar takarda, ka tabbata layin ma'auni da alamar arewa sun fito a jiki, ka sa ta a leda mai haske tare da fensir. Ranar da waya ta ce dama, takarda da idonka suka ce hagu, ka tsaya a gefen hanya ka nemi alamu biyu da kake iya gani daga inda kake, ka gano su a takardar, kafin ka ci gaba.